Injin leza mai kyamara: abin da ya yi mana a shago da inda ya gaza

Duk mai aikin zana suna a jikin ƙarfe ya san ba harbin leza ke cin lokaci ba. Sunan ango da amarya a jikin cokali, kafin ka ƙifta ido an gama. Abin da ke cinye yini shi ne ɗora kayan daidai: ka ajiye, ka kunna jan hasken da ke nuna inda rubutu zai sauka, ka ɗan matsa, ka ɗan juya, sannan ka taka feda. Shi ya sa da muka tashi ƙara inji a shagonmu na Tudun Wada, nan kusa da Panteka, muka ɗauko mai kyamara da bel mai tafiya da kaya, wanda da kansa yake gano inda kaya suke ya gyara saitinsa.

Ɗan China ne, faiba leza mai wat 30. A cikin kansa akwai ƙananan madubai biyu, kowanne da motarsa, ɗaya na kai haske hagu da dama, ɗaya gaba da baya. Wannan duk injin irinsa yana da shi. Ƙarin da muka biya wa kuɗi abu biyu ne. Kyamara tana ɗaukar hoton kayan, manhaja ta kwatanta da samfurin da ka nuna mata tun farko, ta lissafa yawan gocewar da ya yi da yadda ya karkace, sai ta juya rubutun ya bi shi. Sannan akwai wata 'yar taya da ke birgima a jikin bel, masu aikin suna ce mata enkoda, ita ke shaida wa injin nisan da bel ya yi, madubai su riƙa ƙara wannan nisan suna cikin rubutu. Kamar dai maharbi da ke bin tsuntsu da bakin bindiga yana tashi. Katin lantarkin da ke tuƙa madubai yana aika musu sabon umarni duk bayan mikirosakan 10, wato sau 100,000 a daƙiƙa guda, don haka tafiyar bel ba ta gagare su ba.

A kan kayan rabon biki, gaskiya ya biya. Mariƙin makulli, mabuɗin kwalba, cokula: yaron shago ya watsa su a bel yadda suka faɗo, rubutu ya sauka a tsakiya. A da kowane sabon kaya sai mun je wajen kafinta ya fafe mana mazauninsa a katako. Yanzu tarin katakon nan yana ƙarƙashin benci yana shan ƙura. Haka 'yan farantan alminiyam da maƙeran Panteka ke kawowa a buga musu suna da lambar inji, waɗanda suke mannawa a jikin injin niƙa da na casar masara. Da almakashi ake yanka su, ba biyu da suka zo daidai, amma kyamara tana kama ramukan kusa ta daidaita rubutu da su. Wannan kaɗai ya rage mana asarar faranti sosai.

To amma dillali bai faɗa mana cewa kyamarar ba ruwanta da tsayi ba. Hagu, dama da karkata take gyarawa. Idan kaya ya fi ɗan'uwansa kauri, ko faranti ya ɗan lanƙwashe, hasken ba zai taru a wuri guda ba, kuma milimita ɗaya ko biyu ta isa rubutu ya fito fari-fari ba zurfi. Filas da kofin silba kuwa, tunda jikinsu zagayayye ne, har gobe sai mun ɗaura su a na'urar juyi ɗaya bayan ɗaya. Akwai injinan da ke gyara har tsayin ma, kuɗinsu wani labari ne.

Sai maganar haske. Silba mai sheƙi tana ruɗa kyamara. Da hantsi, idan rana ta shigo ta ƙofa, sai ta riƙa tsallake cokula tana cewa ba ta ga komai ba, ko ta kama gefen inuwa ta ɗauka gefen cokali ne. Sai da muka yi wa wurin rumfa da baƙin yadi, muka bar fitilarta kaɗai, sannan ta natsu. Kuma duk ranar da aka sauya gilashin gaban injin, ko aka ɗaga kansa, ko wani ya bangaji sandar kyamara, dole a sake daidaita ta da leza: a zana ɗigo-ɗigo a baƙin faranti, a nuna mata kowane ɗigo. Wanda ya yi ƙyuya a nan zai ga duk rubutunsa ya goce gefe ɗaya.

Abin da ya fi ba mu wahala lokacin hunturu ne. Ƙurar Kaduna tana kwanciya a bel, 'yar tayar nan ta riƙa zamewa, injin ya ɗauka bel bai yi nisa ba alhali ya wuce. Sai haruffa su miƙe, sunan Hauwa'u ya fito kamar an ja shi. Wata Hajiya da ta zo karɓar kayan bikin 'yarta ta duba ta ce, "Malam, wannan rubutun bacci yake yi?" Sai da muka sake mata. Yanzu kowace safiya ana goge bel da tayar, kuma idan aikin mai tsada ne muna sa bel ya tsaya cak kafin a harba. Ya fi jinkiri, amma hankali kwance.

Wuta ba ya ci da yawa, inbatar shago tana ɗaukarsa, sai dai kada a haɗa shi ba sitabilaiza. Katako da gilashi ba aikinsa ba ne, wannan sai leza mai iskar CO2. Hasken namu injin mai tsawon zango nanomita 1064 ne, ido ba ya ganinsa, kuma yana dawowa daga jikin ƙarfe mai sheƙi ya ƙona ido, don haka baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa, sai wanda aka rubuta wannan lambar a jikinsa. Na hana yaran shago tsayawa kusa ba tare da irin wannan tabarau ba.

Mai buga allon ofis ko kambun girmamawa jifa-jifa, ya riƙe kuɗinsa, inji marar kyamara da mazaunin katako sun ishe shi. Mai karɓar kwangilar ƙananan kaya ɗaruruwa zai mori kyamarar. Kafin ya biya, ya kai wa dillali nasa kayan, har da masu sheƙi da lanƙwasassu, a gwada a gabansa bel na tafiya, kuma ya tambaya ko akwai wanda zai zo Kaduna ya yi masa saitin farko.