Wace Motar Kwana Za Ka Ɗauka Don Ratsa Hamadar Ostireliya a Lokacin Zafi?

Daga Adelaide zuwa Alice Springs tafiyar sama da kilomita 1,500 ce, galibi a kan titin Stuart, kwalta zalla. Mutane da yawa kan yi hayar mota mai ɗakin kwana a ciki su bi wannan hanya. Matsalar tana ga wanda ya zo tsakanin Disamba da Fabrairu, domin a can lokacin ne bazara. A garin Oodnadatta, ranar 2 ga Janairun 1960, ma'aunin zafi ya kai digiri 50.7. A Coober Pedy kuwa, mutane da dama a ƙarƙashin ƙasa suka haƙa gidajensu don gudun wannan rana.

Mafi arha ita ce Toyota HiAce da aka mayar ɗaki, irin bas ɗin da muka sani a tasha. Tana da gado, da murhu, da ɗan firij, kuma ba ta shan mai sosai. In dai kwalta za ka bi, ta wadatar. Amma da ƙafa biyu take ja, kuma yawancin kamfanonin haya suna rubuta a takardar yarjejeniya cewa inshora ba ta shafi duk abin da ya same ta a kan burji ba. Ka karanta wannan shafin da kanka kafin ka sa hannu. Babbar motar nan mai banɗaki da wurin wanka ma haka take, sai dai ta fi daɗin zama. Na'urar sanyaya ɗaki da ke samanta ita ke jan hankalin mutane, alhali galibi ba ta aiki sai an jona ta da wutar lantarki a sansanin matafiya. Ka tsaya a daji da dare, fanka kawai za ka samu.

Wanda ke son sauka daga kwalta ya bi hanyar Oodnadatta, wato burjin da ya haɗa Marla da Marree, kimanin kilomita 600, dole ya nemi mai ja da ƙafa huɗu. Zaɓi biyu ne a nan: Hilux mai tanti a sama, ko Land Cruiser samfurin 78 da ake kira Troop Carrier, mai rufin da ake ɗagawa. Duk wanda ya san motocin da ke tashi daga Agadas zuwa Dirkou ya san ƙarfin waɗannan biyun. Hilux ta fi laushin tuƙi, ta fi arha, kuma tantin sama yana shan iska da dare. Amma tankinta wajen lita 80 ne, ita kuwa Troop Carrier tana ɗaukar lita 180 a tankuna biyu. A ƙasar da ko a kan kwalta, tsakanin Glendambo da Coober Pedy, za ka yi kusan kilomita 250 ba ka ga gidan mai ba, wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Ni Troop Carrier zan ɗauka, duk da tana jijjiga mutum, ga tsada.

Firij ma a duba shi. Wanda ke aiki da iskar gas yakan gaza idan zafi ya tsananta, kuma sai motar ta tsaya daidai yake sanyi. Mai kwamfireso, wanda ke cin wutar batir, shi ne na hamada, muddin motar na da batir na biyu da farantin sola.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu haya ke ciniki a kan gado da murhu, su manta da famfon taya. A Disambar 1998 wasu matafiya biyu 'yan ƙasar Ostiriya ta Turai suka kafe a yashi a bakin tafkin Eyre, cikin motar kwana mai ja da ƙafa huɗu. Matar ta kama hanyar ƙauyen William Creek a ƙafa don neman taimako, zafi ya kashe ta a hanya. Namijin da ya koma ya zauna wajen motar ya rayu, domin akwai ruwa a cikinta. Da 'yan sanda suka iso, iskar tayoyin suka rage, suka ɗan share yashi, motar ta fito. Kullum na tuna wannan labari sai zuciyata ta sosu. Don haka ka tambayi mai ba da haya ko akwai ma'aunin iska, da famfo, da shebur, da tayar safaya biyu. Ka sa ya nuna maka yadda ake sa giyar ƙafa huɗu tun kana harabarsa.

Wayar hannu ba abar dogaro ba ce. Ko layin Telstra, wanda ya fi sauran faɗi, yana ɗaukewa da zarar ka yi nisa da gari. Wayar tauraron ɗan Adam irin ta Iridium za ta ba ka damar yin magana ka faɗi abin da ya lalace, amma hayarta da tsada. Ƙaramar na'urar kiran ceto mai aiki a kan zangon megahertz 406 ta fi arha, sai dai saƙo ɗaya take aikawa: a zo a cece ni. Mai hali ya riƙe duka biyun. Ruwa kuwa, ni ba zan yi ƙasa da lita 10 ga kowane mutum a yini ba, da ƙarin na kwana uku, a jarkoki daban-daban don kada ɗaya ta fashe a rasa duka.

Idan hamadar Simpson ce a ranka, babu motar da za ta kai ka a bazara, domin hukuma na rufe gandun dajin da ke cikinta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Wanda tikitinsa bai riga ya fita ba, ya matsar da tafiyar zuwa tsakanin Mayu da Agusta, ya kuma tafi da bargo, don daren hamada a watan Yuli yakan sauka har ruwa ya daskare.