Rumfar gyaran waya a kasuwar Garwa da ba ta gaggawar yin fulashin

A layin masu gyaran waya na babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, magani ɗaya kusan kowa ya sani idan waya ta ƙi sauke manhaja: a yi mata fulashin, a share duk abin da ke cikinta ta koma kamar ranar da aka ciro ta daga kwali. Akwai rumfa guda da ba a farawa da wannan, ita nake so in ba 'yan'uwa labarinta, musamman mata masu sana'a ta waya irina. Ba ta da allon suna. Tana can wajen ƙarshen layin, da teburin gilashi cike da batura da fuskokin waya, da benci ɗaya a gaba. Mai ita siririn mutum ne mai tabarau, kowa Malam yake ce masa, yana da yaran aiki biyu.

Atamfa da shadda da leshi nake sayarwa daga gida a unguwar Hausare. Da yawa daga masu sayen kayana ba a Garwa suke ba, suna Ngaundere da Yaunde da Duwala, wasu har Kusiri. Ina tura hoto ta WhatsApp, su turo kuɗi ta waya, in kai kaya tasha. To, ana shirin sallah sai WhatsApp ta rufe, ta ce tsohuwa ce sai na sabunta ta. Na shiga Play Store na danna, sai da'irar nan ta yi ta juyawa da rubutun «En attente», wato ana jira, a ƙasa, ba gaba ba baya. Ciniki ya tsaya cak. Rumfar da na fara zuwa, yaron bai ma buɗe wayar ba ya ce fulashin ne, sefa 5,000, in dawo da la'asar. Wata maƙwabciyata mai sayar da turaren wuta ce ta ce kar in yarda sai na ga Malam.

Tambayarsa ta farko ita ce: «Hajiya, wane irin mega kika saya?» Ya ce akwai megan, wato datar intanet, da ake sayarwa da araha na WhatsApp da Facebook kaɗai, mutum yana ganin saƙo na shiga ya ɗauka intanet ɗinsa lafiya lau, alhali Play Store ba ya cikin abin da ya biya. Nawa na komai da komai ne. Duk da haka ya haɗa wayar da ɗan akwatin wifi na rumfarsa, don ya raba laifin rezo, wato sabis na layin waya, da laifin waya. Ba ta motsa ba. Ya duba kwanan wata da agogo, suna daidai. Na tambaye shi mene ne haɗin agogo da sauke manhaja, ya ce wayar da kwanan watanta ya kauce ba ta amincewa da Google, saboda takardar shaidar tsaro da yake nuna mata tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ya ce lokacin zafi, Maris da Afrilu, idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya wuta ta riƙa ɗaukewa, yakan samu irin wannan da yawa: batir ya mutu murus, wasu wayoyin su farka da kwanan wata na shekarun baya, komai ya ƙi sauka. Gyaransa bai fi danna abu ɗaya ba, a sa agogo ya riƙa daidaita kansa da rezo.

Tawa matsalar wuri ce. Wayar mai 32GB ce, abin da ya rage bai kai 300MB ba. Na ce masa ai sabuntawar ba ta kai haka girma ba, me zai hana ta shiga? Ya yi murmushi ya ce: «Hajiya, dilar atamfa idan tana ɗaure lungu ɗaya take ci. Ranar da za ki kwance ta ki jera, sai kin share tsakar ɗaki.» Manhaja a dunƙule take saukowa, sai wayar ta warware ta, ta kafa sabuwar tun tsohuwar ba ta tafi ba, don haka tana bukatar wuri ninkin abin da aka rubuta. Kuma 32 ɗin ma ba duka ne naka ba, Android kanta ta cinye wani kaso tun daga kamfani.

A nan ne aikinsa ya burge ni, domin bai goge ko hoto ɗaya ba sai da ya juyo mini da fuskar wayar na gani. Ya shiga wani sashe a cikin WhatsApp, wajen saitin ma'ajiya, inda take jera duk abin da ya wuce 5MB da abin da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. Bidiyon bukukuwa, wa'azozin da ake zubowa a zaurukan dangi da na Islamiyya, tallan wasu 'yan kasuwa, wani bidiyon ma ya shigo ta zaure huɗu ya zauna sau huɗu. Sannan ya nuna mini jakar abubuwan da na tura. Hoton atamfa ɗaya da na aika wa mutane daban-daban yana nan kwafi-kwafi, ga shi kuma ba ya fitowa a wajen kallon hotuna balle mutum ya san yana cin wuri. Duk mai talla ta waya ya kamata ta san da wannan jakar. Abin da nake bukata, hotunan kaya da na jikoki da saƙonnin murya na masu bashi, ya kwashe su zuwa katin memori.

Katin a wajensa na saya, kuma sai da ya sa shi a kwamfuta ya gwada a gabana. Ya ce jabun kati ya cika gari: a rubuta 64GB a jiki, waya ma ta nuna 64, amma ainihin cikinsa bai fi 8 ba, da ya cika sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho, hotuna su koma ba sa buɗuwa. Ya kuma ƙi haɗe katin da ma'ajiyar wayar su zama abu ɗaya, duk da wayar ta ba da wannan zaɓin. Dalilinsa, idan katin ya yi nauyin aiki ko ya lalace, manhajojin da ke kansa sun tafi tare da shi, kuma wata waya ba za ta iya karanta shi ba.

Wuri ya samu, sama da 6GB, amma da'irar ba ta daina juyawa ba. Gabana ya faɗi. Shi ko a jikinsa. Ya buɗe wajen sarrafa manhajoji a Play Store, sai ga dogon layi na sabuntawa da suka maƙale tun tuni, WhatsApp tana bayansu tana jiran a zo kanta. Ya soke su duka. Ya shiga saitin waya ya share tarkacen wucin gadi da bayanan Play Store, ya share tarkacen Google Play Services, ya tabbatar manhajar da ke kula da sauke-sauke ba a kashe take ba, ya canza umarnin da ke cewa kar a sauke komai sai da wifi. Ya kashe wayar ya kunna. Kafin in gama amsa gaisuwar wata da muka haɗu a bencin, WhatsApp ta sauka, saƙonni suna ta shigowa. Daga ƙarshe ya hana bidiyo da hotunan zaure sauka da kansu, ya cire mini babbar Facebook ya sa Facebook Lite, ya kuma cire wata manhaja mai hoton tsintsiya da ke cewa tana wanke waya, wadda ya ce talla kawai take zubawa.

Na tambaye shi me ya sa shi ba ya yin fulashin, tunda ya fi kawo kuɗi. Ya ce yana yi idan komai ya ƙi, amma sai ya yi tambaya biyu tukuna. Ta farko, mai wayar ya san adireshi da kalmar sirrin asusun Google ɗinsa? Tun daga Android 5.1, a 2015, akwai kariyar da Google ya sa saboda ɓarayi: idan aka share waya ta bayan fage, ba za ta buɗu ba sai an shigar da asusun da ke cikinta a da. A garin nan kuwa mutane da yawa mai shagon da ya sayar musu da waya ne ya buɗe musu asusun a tsaye, ba su taɓa jin kalmar sirrin ba. Sai a yi fulashin na 5,000, waya ta kulle, a sake neman wani kuɗin na buɗewa. Tawa kalmar 'yata ta rubuta mini ita a bangon littafin bashi tun ranar da aka sayi wayar. Tambaya ta biyu, yaushe WhatsApp ta yi ajiyarta ta ƙarshe a Google Drive? Da ya duba tawa, ta yi watanni. Da na bar wayar a rumfar farko, da duk hirar da ke nuna wa ta karɓi turmi nawa, wa ta biya rabi, wa ta ce sai ƙarshen wata, ta tafi. Wannan ba asarar sefa 5,000 ba ce, jarina ne.

Zaman jira ya sa na ga yadda yake yi da wasu. Wani dattijo ya kawo tsohuwar waya da ɗansa ya aiko masa shekarun baya, WhatsApp ta ƙi shiga. Malam ya duba ya ce: «Baba, wannan Android 4.4 ce. Tun Oktoban 2023 WhatsApp ta daina aiki a kan abin da bai kai 5.0 ba. Ko na karɓi kuɗinku ba za ta yi ba.» Bai karɓi ko dala ba, ya kuma gaya masa irin ƙaramar wayar da za ta ishe shi, mai Android Go, wadda aka yi domin wayoyi masu ƙaramin ƙarfi. Wani mai mashin kuma abokinsa ya tura masa manhaja ta Xender, wadda ake tura abu daga waya zuwa waya da ita, manhajar tana ta cewa ba ta kafu ba. Malam ya ce tun Agustan 2021 Google ya wajabta wa sababbin manhajoji wani tsari da kowace waya ke karɓar gutsattsarin da ya dace da ita, to abin da aka kwafo daga wayar wani ba lallai ya cika ba, ba lallai kuma ya dace da injin taka ba. Saurayin ya ce to a sa masa GB WhatsApp. Malam ya ƙi, ya ce ba kamfanin ne ya yi ta ba, ana iya rufe lambar mutum a kanta, kuma ba wanda zai ce maka ga inda saƙonninka suke bi. Yaron ya tafi yana ƙunƙuni. Ni dai na ga gaskiyar Malam. Ya ƙara da cewa masu sayen waya ta hannu su riƙa dubawa, domin wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019 ba sa zuwa da Play Store, nasu shagon AppGallery ne, wannan ba lalacewa ba ce.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma na faɗa masa. Babba a ciki shi ne yadda yaransa ke karɓar waya idan shi yana kan wani aiki: su tambayi lambar buɗewa da ƙarfi a gaban jama'a, su shige da ita bayan labule. Wayar mace akwai hotunan iyali, akwai manhajar kuɗi, akwai sirrin mutane da suka ba ta amana. Ni na ce ba za ta bar idona ba, aka kuma yi mini yadda nake so, amma na ga wata baiwar Allah ta miƙa tata ta tafi cefane. Malam ya ce yaran amintattu ne. Ban musa ba, sai dai tsarin da shi yake bi na juyo wa mai waya da fuskarta, ya kamata ya zama dokar rumfar ga kowa, ba sai wanda ya yi magana ba. Ba ya ba da rasit, ko na katin memori, wanda kuma ya fi na maƙwabtansa tsada, sefa 4,500 mai 32GB. Na biya ne saboda gwajin da ya yi a gabana. Bencin kuma rana na dukansa daga hantsi, zafin Garwa ba sai an faɗa wa kowa ba. Idan bayani ya ɗauke shi yakan zarce da Fulatanci da Faransanci a cakuɗe, sai ka ce ya maimaita da Hausa, yana kuwa maimaitawa ba tare da ɓata rai ba.

Ladan aikin sefa 1,500 ya karɓa. Tun daga lokacin wayar na sauke abin da na ce ta sauke, kuma sau ɗaya a wata nakan shiga sashen nan na WhatsApp in rage kaya da kaina, yadda ya koya mini. Mai niyyar zuwa ya je da safe kafin layi ya taru, da cajin wayarsa a cike da kalmar sirrin Google a rubuce. Ranar Juma'a yana rufewa kafin azahar, ba ya dawowa sai bayan la'asar.