Wuƙar aljihu mai naɗewa: wacce ya kamata ka saya in kana Maradi?

Wallahi abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wani ƙanena ne ya turo min hoto a WhatsApp, wata wuƙa baƙa wuluk mai zanen macijiya a jikin ƙota, wai yaya ka ga wannan, in ka danna ta fitowa take fat kamar walƙiya, in saya? Na ce mishi tsaya tukuna, mi za ka yi da ita? Ya yi shiru. To nan fa matsalar take, mu yawanci ido ke saya mana wuƙa, alhali aikin da za ta yi bai wuce fere rake, yanka mangwaro, tsinke igiyar buhu, fasa goro, yanka kilishi in an zauna fada, ko gyara tiyon moto in ya tsage a hanya.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin. Shekarun baya na sayi irin ta ɗan China ɗin nan a bakin tasha wajen wani mai tebur, jika biyu na ba shi ina murna na yi riba, tana da kyalli, ga tsini, ga wani ɗan ƙarfe a gefe da ke tare ruwan wuƙar in ta buɗe. Sati uku kacal. Ranan ina yanke igiyar da munka ɗaure buhun gero a bayan amalanke, na ɗan murɗa hannu, ƙarfen nan ya zame, wuƙa ta naɗo a kan ɗan yatsana na nuni. Har yau tabon na nan. Tun daga ranan na daina kallon kyalli, abu biyu nike dubawa: yadda take kullewa, da irin ƙarfenta.

Bari in fara da kullewar don ita ce ke raba wuƙa da asibiti. Akwai wadda ba ta da makulli sam, sifirin ne kawai a bayanta ke danne ruwan wuƙar ya riƙe shi a buɗe, in ka tura da ƙarfi ta baya sai ta rufe. Wannan ba aibi ba ne in ka san halinta, yanka ake da ita, ba a soka, ba a huda. Akwai mai zobe da ake murɗawa a wuyan ƙota. Akwai mai makullin baya, wadda sai ka danna wani wuri a bayan ƙota ko ka ja zobe kafin ta rufe. Sai mai makullin gefe, wanda wani maƙerin Amurka Michael Walker ya gyara shi ya zama yadda yake yanzu wajen 1980, ita ce ake buɗewa a rufe da hannu ɗaya, kuma ita ce 'yan China sunka fi kwaikwaya. Tsarin kanshi ba shi da laifi, in kamfanin kirki ya yi shi yana riƙewa gam. Amma a irin na teburin bakin hanya ƙarfen siriri ne kamar na gwangwanin madara, kuma bai hawa daidai, shi ya sa nike cewa a kasuwarmu nan wannan tsarin ne ya fi cin amana.

Yanzu ga waɗanda na riƙe da hannuna.

Opinel. 'Yar Faransa ce, Joseph Opinel ya fara ta 1890 a yankin Savoie mai duwatsu, kuma har yau siffarta ba ta canza sosai ba: ƙotar itace zagayayya, ruwan wuƙa siriri, sai zoben da anka ƙara mata 1955 wanda kake murɗawa ya kulle ta. Lamba-lamba ce, wadda ta fi dacewa da aljihu lamba 8, tsawon ruwanta santimita 8.5, nauyinta bai kai giram 50 ba, kana sa ta a aljihun jallabiya ka manta da ita. Abin da ya sa nike sonta sirantar bakin, in ka sa ta a mangwaro ko albasa shigewa take sumul ba ta fasa abu, kuma cikinta ba komi, ba sifirin ba wasu ƙananan ƙarafa, to ƙurar hunturun Maradi ba ta da inda za ta maƙale ta ɓata aiki, hurawa kawai za ka yi. Aibinta itacen ne. Da damina ko in ka wanke ta ka bari ruwa ya shiga wuyan, itacen kumbura yake ya matse wuƙar har farcenka ya kusa karyewa wajen buɗewa. Dabarar ita ce ka ƙwanƙwasa gindin ƙotar a kan tebur ko benci, sai bakin ya ɗan leƙo ka kama. Da rani kuma akasin haka ne, itacen ya bushe ta yi sako-sako, shi ya sa ko a aljihu ka murɗa zoben, don na yanzu suna kullewa ko a rufe. Kuma siririn bakin nan ba na ɓamɓare murfin gwangwani ba ne, tsinin zai karye. A duba tambarin hannu mai kambi a jikin ƙarfen. Iri biyu ce, akwai inokis, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, akwai baƙin ƙarfe, an rubuta a jiki, zan dawo kan wannan. Samunta ne ɗan aiki, tawa wani abokina ne ya zo min da ita daga Yamai.

Okapi kuwa ba sai an gabatar da ita ga dattawa ba. Tun 1902 anka fara ƙera ta a Solingen ta Jamus musamman don kasuwar Afirka, daga baya 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ita ce mai ƙotar itace ja-ja da ɗan adon wata da taurari, da zobe a baya, in kana buɗe ta kana jin ƙarar nan kar-kar-kar, in za ka rufe sai ka sa yatsa a zoben ka ja. Kawuna da ke noma wajen Madarunfa tashi ta fi shekara goma, bakin har ya rame saboda wasa, da ita yake yanka igiya, ya sassaƙa turke, ya gyara ƙotar hauya, ya goge a jikin wando ya yanka rogo. Gaskiyar magana Okapi ba ta zuwa da kaifi, aikinta ma ba mai kyau ba ne, wani lokaci za ka ga bakin ya ɗan karkace, sai ka zauna ka wasa ta da kanka kafin ta zama wuƙa. Amma in ta kama kaifi tana aiki kuma in ta ɓace a gona ba za ka yi kuka ba. Babbar tana da tsawo a aljihu, ga kamanninta na ɗan ba da tsoro, a gona ba komi, a ofis ko cikin mota mai fasinja ba daɗi ka zaro ta. Jabunta ma sun yi yawa, in zoben ya yi laushi kamar waya ko ƙarfen bayan yana lanƙwashewa da yatsa, ajiye musu abinsu.

Sai Douk-Douk, wadda ni a ganina ta fi kowacce dacewa da mai sa tufafi marasa nauyi. Ita ma 'yar Faransa ce, gidan Cognet a garin Thiers ke yin ta tun 1929. Asali don tsibiran Melanesiya anka yi ta, can ba ta karɓu ba, sai ta zo ta yi kasuwa a Aljeriya da sauran ƙasashen da Faransa ta mulka. Ƙotarta falle ɗaya ne na ƙarfe anka naɗe, shafal take kamar an taka ta da mota, ba ta kumbura ba ta tsagewa, in ta yi sako-sako ka ɗan buga ƙusar da guduma ta dawo daidai. Ta asalin tana da zanen wani dodo a jiki, amma akwai wadda ake ce ma El Baraka da anka yi don ƙasashen Musulmi, ita zanen kuros ɗin Agadas ne a jikinta, kun ga kamar tamu ce ma. Ba ta da makulli, sifirin ne amma mai ƙarfin gaske, kuma nan ne haɗarinta: in za ka rufe ta ka janye yatsunka gaba ɗaya don da ƙarfi take faɗawa. Kuma ƙotar ƙarfe shafal ba ta da daɗin riƙo in aiki ya yi tsawo, gwada fere sandar rake biyu da ita ka ji yadda tafin hannunka zai yi.

Victorinox, jar nan ta Suwis mai kuros a jiki, Karl Elsener ya kafa gidan 1884 a Ibach. Ita ba wuƙa kaɗai kake saye ba, akwai turnabis, mabuɗin gwangwani, mabuɗin kwalba, wasu da almakashi, har da ɗan hantsakin cire ƙaya. Ga malamin lekol, ma'aikacin ofis, mai gyaran waya, ko ɗan kabu-kabu da ke son ɗan abin ɗaure noti, ba ta da na biyu, kuma ba wanda zai gan ta ya tsorata. 'Yar ƙaramar mai milimita 58 a jikin makullan gida ma take zama, mai 91 ita ce daidai aljihu. Inokis ce ba ruwanta da tsatsa. Amma fa ita da rairayi ba sa shiri, tsakanin ƙarafan nan nata ƙura ke shiga ta haɗu da zaƙin mangwaro ta daskare, sai ka jiƙa ta a ruwan ɗumi ka yi ta buɗewa da rufewa kafin ta saki. Kar ka ɗauki mai kaya ashirin a ciki, nauyi ne kawai, rabinsu ba za ka taɓa buɗewa ba. Jabunta kuwa sun fi na kowa yawa, ta gaskiya in ka rufe tana yin ƙara tsaf kuma sunan na rubuce a gindin babban ruwan wuƙar, ta jabu laɓo-laɓo take, almakashinta ko zare bai yankewa.

Buck 110 ta Amurka ba zan daɗe a kanta ba. Makullin baya gare ta mai aminci, ta fito tun shekarun 1960, amma ta kai wajen giram 200, a kube ake rataya ta a ɗamara, in ka jefa ta a aljihun riga sai ta ja wuyan rigar gefe guda. Ta mafarauta ce.

To batun ƙarfe. Baƙin ƙarfe, irin na Okapi da Douk-Douk da rabin Opinel, yana saurin kama kaifi, ko a gindin kofin tangaran ko dutsen wasa na gida minti biyu ya dawo kamar aska. Amma yana tsatsa, kuma gumin Maradi a watan Afirilu kaɗai ya isa ya sa mishi ja cikin aljihu. In ka yanka lemun tsami ko albasa zai yi duhu-duhu, wannan ba tsatsa ba ce, kar ka kankare, kariya ma yake ƙarawa. Abin da ake so ka goge ta ta bushe ka ɗan shafa mai. Inokis na kirki kuwa ba ya son wannan hidimar, in kai mai yawan yanka kayan marmari ne ko ka san kanka da sakaci, ɗauki inokis ka huta. Inda ake shan wahala inokis ɗin banza na arha, wanda kana wasa shi yana kyalli amma kaifin bai zama. Wani tsoho mai wasa wuƙaƙe a kasuwa na taɓa kai ma tawa ta China, ya goga ta sau uku ya taɓa da babban yatsa ya ce min "ɗana, wannan ai cokali ne anka yi ma tsini." Na ce Baba to ya za a yi, ya ce ka ba yara su yi wasan 'yar tsana. Kuma don Allah in ka sayi mai kyau kar ka kai ta ga injin gurza ƙarfe, zafin na kashe bakin, in ka ga ya yi shuɗi to ya ƙone ke nan.

In ka je saye, kar ka ji kunyar mai kaya. Buɗe ta, kama ruwan wuƙar ta baya ka girgiza hagu da dama, in tana rawa bar ta. In mai makulli ce, kulle ta, kawar da yatsunka daga hanyar bakin, ka danna bayanta da tafin ɗayan hannun, in ta motsa ko kaɗan ba makulli ba ne ado ne. Rufe ta ka shafa ka ji ko tsinin ya ɓoye cikin ƙota, don wadda tsininta ke leƙowa ita ke huda aljihu da cinya. Sannan ka sa ta a aljihun kayan da ka saba sawa ka ɗan taka, ka ji nauyin.

Abu biyu da mutane ke mantawa. Wuƙar aljihu ba ta yankan ragon layya ba ce, gajera ce kuma tana iya naɗewa, ga jini da kitse na shiga wuyanta su yi wari, wannan aikin na doguwar wuƙar maƙeranmu ne mai kube. Na biyu, a yanayin da ake ciki in kana bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ko duk inda akwai shingen jami'an tsaro, babbar wuƙa baƙa mai fitowa fat tambayoyi kawai za ta jawo maka, 'yar Opinel ko jar Suwis kowa ya gani ya san ta goro da mangwaro ce. In jirgi za ka hau, ko Umara ko Hajji, sa ta a babbar jakar da ake aunawa, in tana jakar hannu a nan filin jirgi za ka bar ta.

Shi dai ƙanen nawa ɗan kabu-kabu ne, na ce mishi ya nemi Victorinox mai 91 ta gaskiya ko da ta hannu ce, saboda turnabis ɗin, in kuɗin bai kai ba ya ɗauki ƙaramar Okapi ya kawo min in wasa mishi. Jiya ya sake turo hoto, wai ya ga wata mai zanen kunama, ita kuma fa yaya?