Hannun jari ko ofshin: ga wanda zan ce ka sa dala 500 ɗinka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda tsakanin hannun jari da ofshin (wato sayen damar saye ko sayar da hannun jari a wani farashi kafin wani wa'adi) kake shawara da dala 500 ɗin nan, sayi hannun jari. Duka biyun sun taɓa shiga hannuna. Ɗaya yana nan har yau, ɗayan sau ɗaya na saya ban sake ba.

Nawa hannun jarin na wani kamfanin siminti ne a kasuwar Legas. A watan Maris na 2020 na saya, lokacin da korona ta sa kowa yana neman rabuwa da nasa. Ban yi sati biyu da saye ba farashin ya ƙara yin ƙasa. Kullum ina buɗe manhaja gabana na faɗuwa, har uwargida ta ce don Allah in riƙa ajiye wayar idan an kawo tuwo. Na ajiye. Ban sayar ba, kuma ba wanda ya ƙwanƙwasa min ƙofa ya ce wa'adina ya cika. Kamfanin ya ci gaba da loda buhunansa a tirela, farashi ya dawo ya wuce inda na saya, kowace shekara kuma ana raba riba a turo min nawa. Akwai shekarar da ba zan manta ba: saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, ina tsaye a kara na riƙe igiyar wani rago, kuɗin aljihuna sun gaza, dillali yana ta cewa Alhaji ƙara wani abu. Sai ga alat ya shigo, rabon ribar ne. Ba wasu kuɗi ne na a zo a gani ba, amma da su na cika, yarana suka jawo ragon har gida. Tun ranar nake ganin hannun jarin nan kamar shuka a bayan gida.

Ofshin kuwa dala 420 na zuba a kol, wato ofshin na damar saye, na wani kamfanin Amurka ana gobe zai fitar da rahoton ribarsa, rahoto ya yi kyau, hannun jarin ya hau, washegari abin da na saya bai kai dala 200 ba. Iyakar tarihina da shi ke nan.

Amma gara in nuna maka dalili, kada ka ce tsautsayi ne kawai ya faɗa min. Ofshin ba mallaka ba ne, dama ce mai wa'adi. Kol damar saye ce a farashin da aka tsayar, fut kuma damar sayarwa. Ya yi kama da kafin alƙalami: ka ba mai fili wani abu ya riƙe maka filin a kan farashi kaza zuwa ƙarshen wata, in ba ka dawo ba kuɗin sun zama nasa. Sai dai kafin alƙalami yana shiga cikin kuɗin fili idan ciniki ya faɗa, kuɗin ofshin kuwa ba ya shiga ko'ina. A kasuwar Amurka kwangila ɗaya tana ɗauke da hannun jari 100, don haka idan ka ga an rubuta 2.50, dala 250 za ka biya.

Mu ɗauki misali da kuɗinka. A ce hannun jari yana dala 100. Ko dai ka sayi guda biyar, ko ka sayi kol biyu na wata ɗaya masu farashin yarjejeniya 105, kowanne dala 250. Ranar cikar wa'adi idan farashi ya kai 115, mai hannun jari ya ci dala 75, mai kol ya ci 1,500. Wannan hoton shi ake turowa a guruf, kuma gaskiya ne yana faruwa. To, idan ya tsaya a 104 fa? Mai hannun jari ya ci 20, mai kol ya tashi ba ko sisi, alhali hasashensa na cewa zai hau ya yi daidai. Sai farashi ya kai 107.50 kafin uwar kuɗinsa ma ta dawo. Idan ya sauka 90, mai hannun jari ya rasa 50 a takarda kuma kayansa na nan, mai kol ya rasa 500 ɗinsa kaf. Wato abu uku ake so ka dace da su a lokaci guda: inda farashi zai nufa, nisan da zai yi, da ranar da zai kai. Ƙarfe tara na daren Juma'ar cikar wa'adi agogon Najeriya, ko goma a lokacin hunturunsu, kasuwar New York ta rufe, magana ta ƙare.

Shi kuɗin ofshin ɗin ma da lissafinsa. Fischer Black da Myron Scholes suka fitar da shi a 1973, shekarar da aka buɗe kasuwar ofshin ta Shikago, Robert Merton kuma ya faɗaɗa shi. Abu biyar ake haɗawa: farashin yau, farashin yarjejeniya, kwanakin da suka rage, kuɗin ruwa, da irin tsallen da ake zaton farashi zai yi. Huɗun farko kowa na ganinsu. Na biyar zato ne, kuma shi ya cinye ni. Ana gab da fitar da rahoto kowa na jiran tsalle, sai ofshin ya yi tsada kamar kuɗin mota ana gobe Sallah. Da rahoto ya fito jira ya ƙare, tsadar ta zube nan take, ɗan hawan da hannun jarin ya yi bai isa ya cike gurbin ba. Ga kuma kwanaki: ko farashi bai motsa ba, kowace safiya ofshin yana raguwa kamar ƙanƙara a tire, kuma narkewar ta fi sauri a makonnin ƙarshe. Scholes da Merton sun karɓi kyautar Nobel a 1997, shekara ɗaya bayan haka asusun zuba jari na LTCM da suke ciki ya durƙushe, sai da manyan bankuna suka haɗa kusan dala biliyan 3.6 aka tallabe shi. Masu lissafin ke nan da kansu.

Wani zai ce maka ai dabarar ita ce ka zama mai sayar da ofshin, kana karɓar kuɗin mutane. Wannan ya fi haɗari, domin mai saye ya san iyakar asararsa, mai sayar da kol ba tare da hannun jarin a hannu ba kuwa asararsa ba ta da rufi. Sayar da ofshin a kan kasuwar Japan na cikin abin da Nick Leeson, ma'aikacin bankin Barings na Ingila, ya yi a Singafo, girgizar ƙasar Kobe ta zo a Janairun 1995, bankin Barings mai shekara sama da 200 ya rushe da asarar fam miliyan 827, aka sayar da shi fam ɗaya. A Indiya ma, inda jama'a suka yi rububin wannan ciniki, hukumar SEBI mai kula da kasuwar hannun jarin ƙasar ta bayyana a 2024 cewa kashi 93 cikin 100 na ɗaiɗaikun masu cinikin ofshin da danginsa sun yi asara a cikin shekaru uku.

Akwai kuma maganar halas da haram, wadda na san za ta dame ka. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar OIC ta yi zama a Jidda a 1992 ta ce ofshin yadda ake cinikinsa a kasuwannin duniya bai halatta ba, saboda abin da ake sayarwar ba dukiya ba ce, ba kuma amfanin wani abu ba. Ko kafin alƙalamin da ba a mayarwa, malamanmu na Malikiyya ba su yarda da shi ba, Hambalawa ne suka ba da dama. Hannun jari kuwa ana tace shi a ware na kamfanonin giya, caca da bankunan ruwa, har kasuwar Legas tana da ma'auninta na Lotus na kamfanonin da suka tsallake tacewar. Zauna da malaminka a kan wannan kafin ka danna komai.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sigina a Telegram da WhatsApp, wato masu cewa za su gaya maka abin da za ka saya da lokacin saye, masu hoton mota da alat ɗin banki, su ce ka biya kuɗin shiga ajin manya. Yawancinsu ba ofshin na gaskiya ma suke tallatawa ba, bainari ne: ka ce zai hau ko zai sauka cikin minti ɗaya ko biyar, in ka dace a ba ka ƙasa da abin da ka sa a matsayin riba, in ka kuskure a kwashe duka. Kuma sau da yawa mai manhajar shi ne abokin karawarka, asararka ita ce ribarsa. Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a shi a 2018, Ingila ta bi a 2019. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa zai juya maka ya ba ka kashi kaza duk wata, tuna MMM a 2016 da CBEX a Afrilun 2025, nawa muka sani da suka yi kuka.

Nemi dillali mai rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, ka duba sunansa a shafinta da idonka. Kada ka zuba dala 500 ɗin rana ɗaya, raba ta uku ka saya wata-wata. Idan na Amurka za ka saya, ka sani ana cire kashi 30 cikin 100 na rabon riba a matsayin haraji kafin ya iso ka. Ka zaɓi kamfani biyu ka turo sunayensu nan, mu duba bashin da ke kansu da abin da suke sayarwa tare.