Ryzen 7 5700X3D a kan tsohuwar B450: ta yi, amma mai shago ya ci mini rai

Wallahi ban yi zaton madabod ɗin B450 (babban farantin da ake jona duk kayan kwamfuta a kai) da aka fito da irinta tun 2018 za ta ɗauki firosesar 2024 (ƙwaƙwalwar kwamfuta), wato Ryzen 7 5700X3D, ta yi gudu haka ba. Ryzen 5 2600 ce a cikin kwamfutata tun da na haɗa ta, kuma ta fara gajiya, wasa ya riƙa sarƙewa, haɗa bidiyo kuma sai ka tafi ka yi salla ka dawo bai gama ba. Da na lissafa kuɗin sabuwar madabod da sabon ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) da firosesa, sai na ga da wannan canjin dala ba zan iya ba. Shi ne na ɗauko 5700X3D kawai, na bar komai yadda yake.

Bari in fara da mai shagon, don har yanzu abin yana raina. Na faɗa masa sunan madabod ɗina, na maimaita. Ya ce, "Yallaɓai, ka je ka ɗora kawai, ai soket ɗaya ne." Gaskiya ne, soket ɗin, wato gurbin da firosesa ke zama a jikin madabod, AM4 ce duka biyun. Abin da bai faɗa ba shi ne B450 ba ta san firosesar Ryzen 5000 irin wannan ba sai an sabunta mata BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta. Na ɗora, na kunna, fanka tana juyawa, allo baƙi ƙirin. Gabana ya faɗi, na ɗauka an sayar mini da matacciya. Na kira shi ya ƙi ɗagawa, da ya ɗaga kuma sai ya ce kayan da aka buɗe kwalinsa ba ya komawa. Mutumin da sana'arsa ke nan!

Wani ƙanen abokina mai gyara ne ya warware mini. Dole aka mayar da tsohuwar 2600, aka sa sabon BIOS a filash, sannan aka sabunta. Ya ƙi taɓawa sai da muka haɗa kwamfutar da inbata, domin in aka ɗauke wuta ana tsaka da wannan aiki madabod na iya mutuwa gaba ɗaya, musamman wadda ba ta da maɓallin nan na sake loda BIOS daga baya. Kuma tun farko, wajen cire fankar tsohuwar 2600, man da ke tsakani ya bushe ya kama, sai firosesar ta biyo ta daga soket. Ƙafafuwa 1331 ne a jikin firosesar AM4, sirara, ɗaya ta lanƙwashe ka shiga uku. Allah ya taimaka babu wadda ta taɓu. Duk mai shirin yin haka ya kunna kwamfutar ta ɗan ɗumama tukuna, sannan ya murza fankar a hankali kafin ya ja.

Da ta tashi kuwa, sai na manta da ɓacin ran. Wasannin da ke yi mini tsalle-tsalle suka miƙe sumul, da katin hoton da nake da shi tun da. Sirrin yana cikin ma'ajiyar gaggawar da aka ƙara ɗorawa a kan firosesar, jimilla megabait 96, inda 2600 take da 16. Wasa ya fi cin moriyar wannan. A haɗa bidiyo ma an samu sauƙi, cibiyoyin aiki 8 ne maimakon 6, amma can bambancin bai kai na wasa ba, kada wani ya saya don wannan kaɗai.

Sai kuma zafi, inda mai shagon ya sake dawo mini a rai. Kwalin ba ya zuwa da fanka, shi ma wannan bai faɗa ba. Ƙaramar fankar 2600 an yi ta ne don wat 65, wannan kuwa 105 ce. Da bazara, ɗaki ba iska, sai na ga tana kusantar digiri 90, wato iyakarta, tana rage gudu don kare kanta. Dole na sake fitar da kuɗi na sayi babbar fanka. Don haka arhar da nake ta murna da ita ta ɗan ragu.

Duk da haka na yaba wa AMD, kamfanin da ke yin Ryzen. AM4 ta fito tun 2016, kuma a 2020 da suka ce madabod irin B450 ba za ta samu Ryzen 5000 ba, jama'a suka yi ca, suka janye maganar. Ba don haka ba da ban ga wannan rana ba. Abokina mai soket ɗin LGA1200 na kamfanin Intel ƙarni biyu na firosesa kacal ya samu, na 10 da na 11, LGA1700 ta ba da uku, a 2024 kuma aka koma LGA1851.

Abin da ke damuna shi ne gaba. Wannan ce tashar ƙarshe ga madabod ɗina. Sabon soket ɗin AMD, AM5 ta 2022, tana buƙatar sabon nau'in ram DDR5, ram ɗina ba zai shiga ba, kodayake sun yi alkawarin riƙe soket ɗin har 2027 zuwa sama. Ga kuma sabon yayi na liƙe firosesa da dalma a jikin madabod, kamar na Apple da Ryzen AI Max da ke cikin kwamfutar Framework Desktop, inda ram ɗin ma a liƙe yake. Masu kuɗi ba ruwansu, su canza inji sukutum. Mu da muke tara kuɗi mu sayi abu ɗaya bana, ɗaya baɗi, soket ne ke riƙe da mu. In kana da B450 ko B550, ka sabunta BIOS kafin ka cire tsohuwar firosesarka, ka tanadi kuɗin fanka, sannan ka saya. Ni dai wancan shagon ba zai sake ganin sisina ba.