Ziyarar wata ƙaramar gonar shamfen: giyar ta fi tarbar baƙo kyau

Duk wanda ya ɗauki kwalbar shamfen, wato giyar inabi mai kumfa ta yankin Shamfen a Faransa, ya duba ƙasan takardar da ke manne a jikinta zai ga wasu ƙananan haruffa biyu da yawancin masu saye ba sa kula da su. Idan NM ne, kamfani ne da ke sayen inabi a hannun manoma ya haɗa giyarsa. Idan kuwa RM ne, wanda ya noma inabin shi ne ya matse shi, ya tsima shi, ya kuma rufe kwalbar a gidansa. Bin sawun waɗannan haruffa na biyu ne ya kai ni wani ƙauye da ke tudun Côte des Blancs, kudu da garin Epernay a arewa maso gabashin Faransa, inda wani iyali ke noma 'yan hekta kaɗan da suka gada. Yankin Shamfen gaba ɗayansa yana da kimanin hekta 34,000 na inabi da manoma wajen 16,000, kuma galibinsu sayar wa manyan kamfanonin garuruwan Reims da Epernay suke yi, saboda haka wanda ya riƙe inabinsa ya sa sunansa a kwalba ba ƙaramin nauyi ya ɗauka ba.

Zan fara da abin da bai yi mini daɗi ba. Saƙon da na aika na neman ranar ziyara ya fi mako guda ba a amsa ba, kuma da na isa a lokacin da aka ba ni sai na tarar da ƙofa a rufe, domin maigidan yana gona yana ɗaure rassa. Na yi tsaye kusan rabin sa'a kafin ya zo da takalmansa duk laka. Bayaninsa da Faransanci yake yi, sai 'yarsa, wadda ita ce mai kula da lissafi da masu saye, ta riƙa fassarawa da ɗan Turancinta. Wanda ya saba da tsarin manyan kamfanoni, inda ake da jagora da jadawali da ɗakin baƙi, ba zai sami ko ɗaya daga cikinsu a nan ba.

Da muka sauka rumbun ƙarƙashin ƙasa ne na manta da jiran. An haƙa shi cikin dutsen alli, sanyinsa bai cika wuce digiri 10 zuwa 12 ba rani da damina. Maigidan ya kankari bango da farce ya nuna mini farin alli mai damshi, ya ce shi ne ke riƙe wa saiwar inabi ruwa idan fari ya yi tsanani. Daga nan ya zaro kwalba ɗaya ya ɗaga ta gaban fitila, sai ga wata siririyar laka kwance a gefenta. Yisti ne da ya gama aikinsa: bayan tsimin farko ana zuba giyar a kwalba tare da yisti da ɗan sukari a rufe, sai ta sake tsimuwa a ciki, iskar da ta rasa mafita ta narke cikin giyar ta zama kumfa. Doka ta ce shamfen na yau da kullum ya yi aƙalla wata 15 a rumbu, mai shekara kuwa, wato wanda aka yi da inabin girbin shekara guda kawai, sai ya cika shekara uku, amma shi ya ce mafi ƙanƙantar giyarsa ma takan haura wannan wa'adi sosai. Kwalaben da ya fi ji da su har yanzu da hannu yake juya su a kan katako mai ramuka, kaɗan-kaɗan, baki na kallon ƙasa, har lakar ta taru a wuya a fitar da ita.

Kala uku aka zuba mini, dukkansu na farin inabin Chardonnay zalla, wanda wannan tudu ya yi suna da shi. Ta farko ba a ƙara mata sukari ko kaɗan ba bayan an fitar da laka, kuma a ganina tsaminta ya yi kaifi da yawa, irin wanda ke neman abinci a gefe. Masu wannan sana'a suna alfahari da ita, amma ban yarda cewa kowace shekara ce ke iya tsayawa ba tare da sukari ba. Ta biyu, mai sukari giram huɗu a lita kamar yadda aka rubuta a bayanta, ita ce ta tafi da ni: kumfarta ƙanana ne masu laushi, akwai ƙanshin lemon tsami da na burodin da aka fitar daga tanda, sannan wani ɗan gishiri-gishiri yana daɗewa a harshe. Ta uku mai shekara ce, ta fi nauyi da zurfi, ta kuma fi tsada nesa.

Abin da ya fi burge ni shi ne rashin ɓoye-ɓoye. A bayan kowace kwalba an rubuta shekarar girbi da ranar da aka fitar da laka, abin da manyan kamfanoni da dama ba sa yi. Da na tambaye shi game da 2021, shekarar da sanyin watan Afrilu ya ƙone tsiro sannan cutar ganye ta biyo bayan ruwan sama, bai yi kwana-kwana ba, ya ce giyar ajiya ta shekarun baya ce ta rufa masa asiri, kuma duk da haka ɗanɗanon ya sauya. Babban kamfani yana gauraya inabin ƙauyuka masu yawa domin kwalbar bana ta yi daidai da ta bara, shi kuwa ƙaramin manomi ba shi da wannan dama, don haka mai saye ya sani cewa abin da ya ji daɗinsa yau ba lallai ya same shi haka nan baɗi ba.

Na sayi kwalba shida na ta biyun, kuma kuɗinsu a Yuro bai kai abin da ake biya wa sanannun sunaye a kantunan Paris ba. Mai niyyar zuwa ya nemi rana tun da wuri, ya kuma guji ƙarshen Agusta da watan Satumba, domin doka ta wajabta girbi da hannu kuma a lokacin babu mai sararin buɗe wa baƙo ƙofa.