Kwalba uku masu suna Shiraz, da abin da ya bambanta su

Shiraz sunan irin inabi ne, baƙi mai ƙananan 'ya'ya da kaurin ɓawo. Faransawa na kiransa Syrah. Duk da sunan ya zo ɗaya da na birnin Shiraz na Iran, binciken ƙwayoyin halitta da aka yi a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna asalinsa kudu maso gabashin Faransa ne, daga barbarar wasu iri biyu, Dureza da Mondeuse Blanche. A kanti za ka iya tarar da wannan suna a jikin abubuwa uku daban: giyar inabi mai cikakken ƙarfi, da giyar da aka cire wa barasa, da kuma ruwan inabi zalla. Mai saye don otal, ko biki, ko kyauta ya kamata ya san wacce ce a hannunsa kafin ya biya.

Ta farko giya ce sosai, barasarta kan kai kashi 14 zuwa 15 cikin ɗari, kuma haramcinta ga Musulmi ba abin ja ba ne. Amma daga ita sunan ya yi fice, sauran biyun kuwa ɗanɗanonta suke ƙoƙarin kamowa, shi ya sa ake fara bayani da ita.

Ruwan cikin ƙwayar inabin kusan fari ne. Launi da bauri duk a ɓawo da ƙwallo suke, sai an bar su sun jiƙu cikin ruwan na kwanaki suke fitowa. Wannan baurin shi ne mai kama harshe da dasashi kamar an tauna goro. Idan masana suka ce Shiraz mai kauri ce, abu uku suke nufi sun haɗu: baurin, da yawan ɗanɗanon 'ya'yan itace da suka nuna sosai, da barasar da ke sa ruwan ya yi nauyi a baki. Akwai kuma ƙamshin masoro, wanda ba zuba shi ake yi ba. Wani sinadari ne mai suna rotundone da ke cikin ɓawon, masu bincike a Ostiraliya suka gano shi a 2008, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin ƙamshinsa ko kaɗan.

Wasu kwalaben kan zo da rubutun "Old Vine", wato tsohuwar kurangar inabi. To, mene ne ruwan tsufan itacen? Kurangar inabi idan ta tsufa 'ya'yanta kan ragu, ƙwayoyin su ƙanƙance, sai ɓawo ya yi yawa a kan ruwa, ɗanɗano ya tattaru. Saiwarta ta yi zurfi, don haka shekarar fari ba ta girgiza ta kamar ƙaramar shuka. Kwarin Barossa da ke jihar Kudancin Ostiraliya ya fi ko'ina suna a nan, saboda ƙwaron filoksera mai cin saiwa, wanda ya hallaka gonakin Turai tun daga shekarun 1860, bai shiga jihar ba. Gonar Freedom ta kamfanin Langmeil, wadda aka dasa a 1843, har yau tana haihuwa. A 2009 manoman yankin suka tsara matakai huɗu: Old Vine daga shekara 35, Survivor daga 70, Centenarian daga 100, Ancestor daga 125. Afirka ta Kudu ma tana da hatimin gonakin da suka kai shekara 35, har da shekarar dashe a jiki. Inda babu irin wannan shaida, rubutun "Old Vine" kaɗai ba hujja ba ne, domin a ƙasashe da yawa doka ba ta ɗaure kalmar ba. Tsufa kuma ba ya gyara sakaci: inabin da aka bari ya wuce nuna, ko itacensa ya shekara ɗari, ɗanɗanon zabibi zai bayar da zafin barasa a maƙogwaro.

Yanayin ƙasa ma yana sauya komai. Giyar wurare masu zafi irin Barossa da McLaren Vale ta fi duhu da taushi, da alamar cakulan, da ƙamshin fanila idan ta kwana a gangar katakon ok na Amurka. Ta arewacin kogin Rhône a Faransa, wato yankunan Hermitage da Cornas da Côte-Rôtie, ta fi tsami da masoro da ƙamshin hayaƙi, barasarta kuma ba ta cika kai ta Barossa ba.

Kwalba ta biyu ita ce mai ruɗa mutane. Ana fara yin giyar ne cikakkiya, sannan a zare barasar, ko dai ta hanyar turara ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska don ta tashi ba tare da zafi mai yawa ba, ko ta tacewa da matsi. Edenvale da McGuigan Zero na Ostiraliya suna da Shiraz irin wannan. Karanta lamba da kyau: wadda aka rubuta "de-alcoholised" ko "alcohol removed" tana iya ɗauke da saura har kashi 0.5, wasu kuma suna rubuta 0.0. Ta fuskar addini, hukumomin halal na wasu ƙasashe, kamar Malesiya, ba sa amincewa da ita ko an cire barasar duka, tunda ta taɓa zama giya. Musulmin da ke tunanin saye ya tambayi malaminsa tukuna. Ta fuskar ɗanɗano kuwa, barasar na tafiya da nauyin da wani kaso na ƙamshin, abin da ya rage sai ya zama tsararo mai tsami. Masu yi kan cike giɓin da ruwan inabi mai kauri, don haka ka duba adadin sukari a bayan kwalba. Kada ka sa ran inabin tsofaffin gonaki a nan, ya yi tsadar da ba za a kai shi injin cire barasa ba.

Ta uku ruwan inabi ne da ba a taɓa barinsa ya ruɓa ba, an matse, an dafa shi sama-sama don kashe yis, an rufe. Babu shubuhar giya a cikinsa, kuma shi ya dace da walima. Sai dai duk sukarin inabin yana nan, sau da yawa fiye da giram 150 a lita ɗaya, ya zarce na lemon kwalba. Mai ciwon sukari ya kiyaye. Baurinsa kaɗan ne, zaƙi ya rufe masoron. Mai kyau shi ne wanda jerin kayan haɗinsa ya fara da ruwan inabi kashi ɗari. Idan ka ga ruwa da sukari da kala ne a gaba, lemo ne aka zuba a kwalba mai kwalliya, kada ka biya kuɗin inabi.

Zafi ne ke ɓata dukkansu. Kwalbar da ta daɗe a shago mai rufin kwano cikin bazara ta riga ta dahu. Alamarta toshiyar da ta turo sama, ko danƙo a wuyan kwalba, ko launin da ya koma ruwan ƙasa. Saya inda ake ajiya a inuwa da sanyi, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa idan a Najeriya kake. Biyun da ba su da barasa ba su da abin da zai kare su bayan buɗewa, sai firiji, a shanye cikin kwana biyu zuwa uku. Ruwan inabin da ba mai gas ba ne, idan ka buɗe ka ji ya yi tsaki, ko murfinsa ya kumbura, ko yana kumfa, to yis ya fara mayar da sukarin barasa, zubar da shi ake yi.